Danshi a Buhun Malam Idi

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan ba a nan, har wasu na tambaya ko na sayar da wayar ne. Waya tana nan, bakin ne ya yi nauyi.

Tun ina firamare tafin hannuna ke zufa. Ba irin ta mai noma ba. Ina zaune a inuwa, ko da sanyi, sai ruwa ya riƙa bin yatsuna. Na tashi da hankici biyu a aljihu, na kuma ƙware wajen ɓoyo. In an idar da salla ni ke fara fita don kada a miƙo min hannu. Aka ce girman kai ne, na karɓa, don ya fi min sauƙi.

Sai ga shi abincina ya faɗo a sana'ar da hannu ne alƙali. Ina saya wa wani Alhaji auduga a Funtua. Kun san akwai masu yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi a sikeli, shi ya sa mai saye ke cusa hannu a buhu ya ji kafin a auna. Ni sai in goge hannu a riga, in cusa in zare da sauri kafin zufar ta dawo.

Kaka uku da suka wuce, wani dattijo daga wajen Maska, Malam Idi, ya kawo tasa. Ranar Alhaji na tsaye a kaina, kuma in ana kallona abin ya fi tsanani. Na damƙo auduga, Alhaji ya ja ni da wata magana, na manta tana hannuna. Da Alhaji ya karɓa ya murza, sai ya ji danshi.

Ya ce, "An jiƙa ke nan?"

Abin da ya kamata in yi bai wuce in buɗe tafin hannuna ba. Amma wurin cike yake da mutane. Na ce e, an jiƙa.

Malam Idi bai rantse ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗaure buhunansa aka mayar cikin a-kori-kura, mutane na bin sa da ido.

Maiɗakina kaɗai na gaya wa. Ita ta matsa min in je asibiti, ta ce ta gaji da ganina ina shan jiƙo ina ƙunsa lalle a ɓoye kamar amarya.

A Zariya aka gwada jinina, na suga da na maƙoƙo, duk lafiya. Likitan fata ya riƙe hannuna ya duba, kuma da ya saki bai goge nasa ba. Na lura, don kowa gogewa yake yi. Ya ce, "Malam, wannan ba ƙazanta ba ce, ba kuma tsoro ba. Cuta ce, akwai yadda ake lallaɓa ta."

Sunan maganin ayontoforesis. Ni dai wankan lantarki nake ce masa. Faranti biyu ne da ruwa, ka sa hannu ɗaya a kowanne, a saki 'yar wuta kaɗan na minti ashirin. Ran farko na ji tsoro sosai, mu da aka raina da cewa ruwa da lantarki ba sa haɗuwa. Ashe tsikari ne kawai, kamar kiyashi na yawo a fata. In kana da yanka ka manta ba ka toshe shi da basilin ba, to nan za ka gane kurenka.

Sau uku a mako nake zuwa. Kuɗin mota ya fi na asibitin ci min rai, daga baya na sayar da masara na sayi ƙaramar na'ura mai caji.

A mako na uku na riƙe takarda na ajiye ta a bushe. Ban yi murnar da na zata ba. Ranar da na cusa busasshen hannu a buhu, Malam Idi kawai nake gani.

Na hau babur na je Maska. Na durƙusa na gaya masa komai, ban iya ɗaga kai ba.

Ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Sai dai ni na yarda da hannunka. Da na dawo gida ƙanena Sule na ɗora wa laifin, don shi ya ɗura buhunan. Tun ranar ba mu sake cin tuwo a kwano ɗaya ba."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Mun je wurin Sule tare. Ya saurare ni, ya ce in dai a gaban jama'a aka ɓata su, to a gaban jama'a za a wanke su. Gaskiyarsa. Na faɗi gaskiya a bakin sikeli, gaban Alhaji, yau kuma ga shi ina faɗa a nan.

Ban warke ba, ina lallaɓawa ne. Duk Juma'a da safe sai na zauna da farantaina, in na yi sakaci mako biyu zufar ta dawo. Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan da maiɗakina.

Mai irin wannan lalura, je ka asibiti a fara gwada jininka. Kada ka haɗa waya da batir a gida ka ce ka yi na'ura. Mai juna biyu da wanda aka sa wa ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki su fara tambayar likita. A cire zobe, a shafa mai bayan an gama don fata na bushewa. Kuma kada ka ɓoye har wani ya ɗauki kunyarka.

Duk wanda ke wurin a ranar, ko ya ji a bakin wani, don Allah ya isar: audugar gidan Malam Idi a bushe take. Hannuna ne.