Zazzaɓin Kujerar Gaba a Bakin Boda

Ana idar da sallar asuba muka bar Tsanyawa, mu uku a cikin bas ɗin da ƙungiyarmu ta manoma ta ɗauka shata: ni, da direba, da wani dattijo da duk ƙauyenmu ke kira Alhaji kawai. Nijar muka nufa, irin wake za mu sayo.

Ga waɗanda ba su san ƙasarmu ba, gona a nan jingine take da gona, babu filin da ake bari ya huta. Waken da muke shukawa tsakanin layukan gero shi ne ke riƙe da ƙasar, shi ne cefanen gida, harawarsa kuma ita ce abincin dabbobi da rani. Lokacin kullen korona kasuwanni suka tsaya, gidaje da yawa suka ci irin da suka ajiye, ragowar kuma ƙwari suka gama da shi. Ga gero ya miƙe, lokacin shukar wake ya ƙarato, babu iri. Akwai wake a kasuwa, amma na ci ne, gauraye, babu mai iya rantse maka cewa zai nuna kafin ruwa ya ɗauke.

Alhaji yana da wani tsohon amini a wata kasuwar ƙauye gaba da Matamaye. Shi ya aiko cewa ya ware mana farin wake mai saurin nuna, zai riƙe shi har ranar kasuwarsu, in ta tashi ba mu zo ba zai sallama wa fatake. Sharaɗinsa ɗaya ne: Alhaji ya zo da kansa. Mutumin ba ya ciniki ta waya, ba ya ciniki da ɗan aike.

Ni kuwa an sa ni a tafiyar ne saboda na taɓa aikin karanta labarai a rediyo, kuma mutanenmu sun ɗauka duk wanda ya karanta sanarwa ya san doka. Na ɗauki aikin da gaske. Na saurari tashoshin ƙasashen biyu, na tambayi direbobin da ke bin hanyar, domin ƙa'idojin shiga a lokacin suna sauyawa ba sallama. Abin da na tattara shi ne: takardar shaidar tafiya, katin rigakafin shawara, takunkumi, sai takardar gwajin korona wadda 'yan kwanaki kaɗai take yi ta mutu. Gwajin a Kano muka yi shi. Da ma'aikacin ya zura wa Alhaji tsinken auduga a hanci, ya ci gaba da turawa, Alhaji ya jure har ya gama, ya share hawaye, ya ce, "Ɗana, in ƙwaƙwalwar kake nema, ka iso."

Takardu dai sun cika, na jera su a jaka ɗaya, na rungume. A ganina babu abin da ya rage.

Da za mu shiga mota, ba a ma yi shawara ba. Babba shi ke zama gaba, haka muka tashi muka gani. Direba ya buɗe ƙofa, ya rusuna, ya ce, "Bismillah, Alhaji." Na lura ya shimfiɗa wata sabuwar darduma mai sheƙi a kan kujerar, na yaba masa a zuciyata. Alhaji kuwa ya yi shigar ganin amini bayan dogon rabuwa: taguwa, da jamfa, da babbar riga mai nauyin aiki, da rawani, ga takunkumi a sama. Ni na koma baya, inda kujeru suke fayau, na miƙe ƙafa, na buɗe tagogi biyu.

Muka ratsa ta ƙasar Kunci gari na wayewa. Ruwa ya sauka kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi duhu, gero ya yi kore shar tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya, sai kuka da gawo jefi-jefi. Mata na fitowa da awaki a ɗaure, domin da damina akuya ba ta da 'yanci a ƙasarmu. A Kazaure muka karya da koko da ƙosai. Farashin ƙosai bai tashi ba, ƙosan ne ya sauka. In ka ɗauki ɗaya sai ka duba ko ɗan'uwansa ya faɗi. Mai tuyar ta ce mu je mu tambayi masu wake. Muka biya muka tashi, tunda neman waken muka fito.

Daga nan zuwa Daura titi mai kyau ne, sai dai shingaye. Direbanmu ya ƙware a sarrafa takunkumi: yana ƙarƙashin haɓa muddin hanya a buɗe take, da ya hango shinge yatsa ɗaya ke mayar da shi kan hanci, ba tare da ya saki sitiyari ba. Masu shingen ma haka suke yi in sun hango mu. A Daura muka sayi fura da nono a jarka, furar mai yaji ce, nonon kuma bai ga ruwa da yawa ba.

Rana ta ɗaga. Alhaji, wanda a gida ba a raba shi da labari, ya yi tsit tun daga Kazaure, sai jan carbi. Na hango gumi na bin wuyansa, na ce a raina kayan jikinsa ne, kuma ba hurumina ba ne in ce wa dattijo ya rage tufafi. Na ci gaba da shan iskata.

Ɓangarenmu na boda bai ɗauke mu lokaci ba. A ɓangaren Nijar ma takardunmu sun wuce tebur bayan tebur lami lafiya, har na fara jin daɗin kaina. Sai teburin ƙarshe, a ƙarƙashin wata rumfa: bokitin wanke hannu mai famfo, da wata ma'aikaciyar lafiya, sa'ar 'yar Alhaji ta fari, riƙe da na'urar auna zafin jiki mai kama da ƙaramar bindiga. Ta ɗora min a goshi, kore. Direba, kore. Ta ɗora wa Alhaji, na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja.

Na miƙa takardar gwajinsa da sauri. Ta karanta, ta dawo min da ita cikin ladabi, ta yi bayani da Hausar Damagaram mai daɗin ji. Takarda, in ji ta, tana faɗin yadda mutum yake ranar da aka gwada shi, na'ura kuwa tana faɗin yadda yake yanzu. Ƙa'ida ita ce ya zauna a inuwa, a sake aunawa. In ya sake nuna ja, za a killace shi har a yi sabon gwaji. Na san ma'anar wannan ba sai an fassara min ba: kasuwa za ta tashi, wake zai bi fatake, mu koma gida da bas wayam.

Muka zaunar da Alhaji a gindin wata bishiyar darbejiya, wadda a can suke kira bedi. Na tambaye shi ko yana jin ciwon kai, ya ce a'a. Tari? A'a. Ya zauna cif da rawaninsa da babbar rigarsa, yana kallon motocin 'yan kasuwa suna wucewa zuwa inda za mu. Bayan ɗan lokaci aka sake aunawa. Na'urar ta sake ƙara. Ma'aikaciyar ta ce ya ɗan sauka amma bai isa ba, za ta ba shi dama ɗaya ta ƙarshe, kuma da zai rage kaya da ya fi. Alhaji ya dube ta, ya dubi jama'ar da ke layi, ya gyara zaman rawaninsa. Ba zai tuɓe a gaban sa'ar 'yar cikinsa ba, balle a bainar jama'a, a ƙasar mutane.

Ina tsaye ina tunanin yadda zan sanar da ƙungiya, sai na ga direba ya je ƙara wa mota ruwa. Irin bas ɗin nan ce da injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba. Ya yaye darduma, ya ɗaga kujerar, wani turiri ya taso har sai da ya kau da fuska. Na matsa na ɗora hannu a kan kujerar. Ban daɗe ba na janye. Da an fasa ƙwai a wurin, da mun samu abin rana.

Na tambayi direba ko haka take kullum. Ya sosa ƙeya. Ya ce a'a, kullum akwai kwali da tsofaffin buhuna da yake ninkawa a kai, su ke tare zafin. Amma da ya ji Alhaji ne zai zauna, sai ya ga bai dace dattijo ya hau tsummokara ba, ya kwashe su ya sa darduma.

Na koma gindin bishiya na durƙusa. Na ce, "Alhaji, kujerar nan ba ta dame ka ba?"

Ya ce, "Malam, tun daga Kazaure nake gasuwa."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Yaro ya karrama ni, ya shimfiɗa min sabuwar darduma. In ce masa me? In ce ta ƙone ni?"

Direba, da ya biyo ni, ya riƙe baki yana ta "Subhanallahi, Baba, ka yafe ni." Alhaji ya ce ya yafe, amma ya sani cewa ko kilishi ana juya shi.

Muka kai shi bayan wani ɗan masallaci da ke gefe, ni da direba muka riƙe tabarma muka yi masa labule. Ya warware rawani, ya cire babbar riga da jamfa, ya rage daga shi sai taguwa da hula. Ya yi alwala, ya sha furar Daura, ya zauna iska na ratsa shi. A hankali labari ya fara dawo masa, har ya soma ba mu tarihin yadda ake tsallaka wannan boda a kan jaki ba a tambayi kowa komai ba.

Na je na faɗa wa ma'aikaciyar abin da muka gano, har da batun alwala, don kada ta zaci dabara muka yi. Ta ce ta gode da na faɗa, domin goshin da aka jiƙa yana ruɗin na'ura. Saboda haka ta kawo ɗan ma'aunin da ake sawa a hammata, ta ba ni in sa masa a bayan tabarma, in kawo mata ba tare da na girgiza ba. Na kai mata shi da hannu biyu. Ta ɗaga shi sama, ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta zo da kanta ta ɗora na'urar a goshinsa da ya riga ya bushe. Kore.

"Baba," in ji ta, idanunta na dariya a saman takunkumi, "zazzaɓin mota ne. Maganinsa kujerar baya."

Muka ɗauki hanya, Alhaji a baya kusa da ni, kwali da buhuna sun koma mazauninsu. Bayan boda ƙasar ta buɗe, gonaki sun fi namu faɗi, yashi ya fi yawa, geronsu bai kai namu tsawo ba tukuna. Amalanken shanu sun fi babura yawa. A Matamaye na hango dogon burodin nan nasu da cuku a faranti, amma babu wanda ya ce a tsaya.

Mun iso kasuwar ta fara watsewa, ana ɗaure kaya a kan amalanke. Aminin Alhaji na zaune a kan buhunanmu, wasu fatake biyu na tsaye a kansa suna lallashi. Da ya hango Alhaji ya miƙe. Shi da Alhaji duk sun san an hana musabaha. Suka tsaya nesa da juna, kowa ya dafa ƙirji, suka yi gaisuwar da ta tambayi iyali, da damina, da waɗanda suka rasu tun rabuwarsu, su kuwa suna da yawa. Aka kwance buhu, Alhaji ya ɗebi waken ya murza, ya ciza ɗaya, ya gyaɗa kai. Aka yi magana da tiya, wadda ita ce kwanon awonsu, da sefa, wadda a bana ta fi ƙarfin nairarmu. Da aka daidaita, mutumin ya miƙo hannu, domin a wurinsa ciniki bai faɗa ba sai hannu ya haɗu. Alhaji ya kama. Ni dai na tsaya a gefe da kwalbar man tsaftace hannu, suna saki na matsa wa kowa rabonsa.

A gidan aminin muka kwana, aka yi mana tuwon gero da miyar kuka, aka dafa shayi zagaye uku. Washegari muka biya abin da ake biya a kan kaya, muka tsallako kafin takardun gwajinmu su mutu. Ma'aikaciyar na nan a rumfarta. Ta leƙa bas ɗin, ta ga Alhaji a can baya tsakanin buhuna, ta ɗaga masa babban yatsa.

Mun shiga gida bayan la'asar, hadari na haɗuwa ta gabas. A ƙofar gidan mai unguwa aka raba irin, gida-gida. Yanzu da nake wannan rubutu waken ya tsiro tsakanin layukan gero, ganye bibbiyu.

Na fita da tunanin cewa dokokin gwamnatoci biyu ne za su ba mu wahala, na yi musu shiri, kuma ba su ba mu ba. Abin da ya kusa hana ƙauye guda iri shi ne ladabin mutum uku: direba ya cire kwali don girmamawa, Alhaji ya yi shiru don kawaici, ni na ga gumi na kau da kai don kunya. Ba na cewa a daina ko ɗaya. Sai dai in ka ba babba wuri, ka dawo bayan ɗan lokaci ka tambaye shi yadda ya ji wurin.

Ranar kasuwar da ta wuce na ga Alhaji a tasha zai je Bichi. Ɗan kamasho ya ruga ya buɗe masa ƙofar gaba yana "Ranka ya daɗe, ga wurinka." Alhaji ya naɗe hannun riga, ya ɗora tafinsa a kan kujerar, ya ɗan jira. Sannan ya rufe ƙofar a hankali, ya zagaya baya.