Auta da Wanda ke Gabansa

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage min. Masinja ne a ofishin ruwa har ya yi ritaya, duk aikin a kan keke ya yi shi. Da matarsa ta rasu bai zauna jimami ba. Ya ɗaure bargo da famfon iska da 'yar tukunya a bayan keke, ya kama hanya. Ba ciniki, ba ziyara. Ya bi gari-gari, ya kwana a barandar makaranta ko shagon tela, ya dawo bayan watanni baƙi ƙirin, ƙafafu kamar sanda.

"Me kake nema a can?" na tambaye shi.

"Hanya, Yaya."

"Hanyar banza. Wata rana a buhu za a kawo min kai."

"To ki tanadi babba, na fi ki tsawo."

Ni dai so nake ya dawo da ransa ya zauna.

A tafiyarsa ta ƙarshe ya shiga yankin da bai taɓa takawa ba. A ƙauyen farko mai shago ya ce, "A'a, Baba, mantuwa ka yi? Ai jiya ka wuce." Auta ya yi dariya, don tsofaffi a kan keke duk kamarsu ɗaya. A ƙauye na gaba matan bakin rijiya suka ce da safen nan suka cika masa gora. Nan bai yi dariya ba.

Da rana tsaka tayar baya ta sace. Ya tura keken zuwa wurin wani mai faci a gindin bishiya.

"Kai kuma?" in ji mai facin. "Ban ce ka daina bin gefen ƙaya ba?"

Auta ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Mutumin bai yi musu ba, ya zare tib ɗin da ke cikin tayar. Kowane mai faci yana da irin yankansa, wani zagaye, wani kusurwa huɗu. Wannan kusurwa uku yake yanka robarsa, don ya gane aikinsa in an dawo da ƙorafi. Ga faci mai kusurwa uku a jikin tib ɗin Auta, gam bai gama bushewa ba.

"Ga shayinka ma ba ka shanye ba," in ji shi, ya nuna kofi a kan benci, yana tururi. "Yanzu-yanzu ka sha kwanar can." Sai ya dubi kwanar, ya dubi Auta, ya ajiye tib ɗin a hankali, ya ja da baya.

Auta ya ce min da ya taka kaɗan da ya cim ma wanda ke gabansa. Bai taka ba. Ya haɗa tayarsa da kansa, ya juyo gida.

Tun ranar bai sake hawa keke ba. Yana ɗakin baya a gidana, ya yi ƙiba, ya yi haske, ba ya gardama. Keken na jingine a bango, sarƙa ta yi tsatsa. Mutumin da a da sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa, yanzu ya wuce ta bai kalla ba.

Makon jiya maƙwabcinmu direban babbar mota ya tsayar da ni a ƙofa.

"Mama, na ga ƙanenki can nesa yana hawan tudu. Ya rame fa. Ya ce in gaishe ki, yana nan tafe."

Na shiga na tsaya a ƙofar ɗakin baya. Yana zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa, yana murmushi.

"Yaya, an gama abinci?"

Na zuba masa, ya cinye tas. Na zuba wani kwanon na rufe, na ajiye.