Mutumin da Ake Kira Caji

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana cajin wayoyin mutane a wata rumfar kwano da ke bakin tasha, har sunansa ya ɓace, kowa Caji yake ce masa. Kalmar daga Turanci ta zo, ta kuma zauna masa daram, don a bakin 'yan tasha idan mutum ya fusata sai a ce ya yi caji. Shi kuwa minti ɗaya ya ishe shi ya cika. Matarsa takan ce da a ce shi waya ne, da tuni batirinsa ya kumbura.

Allon katako gare shi mai soket arba'in, kowace waya da lambarta a manne. Bai taɓa ɓatar da ta kowa ba.

Wata rana da hantsi wani direban tifa ya karɓi wayarsa, ya kunna ta ƙi, ya ce an musanya masa batiri. Caji ya ce ya maimaita. Direban ya maimaita, ya ƙara da kiransa ɓarawo, ya tofa yawu a kan allon. Caji ya fizgo igiyar wuta ya tsula masa a fuska, kuncinsa ya tsage. Direban ya zaro ƙarfen kwance taya ya sauke masa a damtse, har mai shayi ya ji ƙarar ƙashi. Da hannu ɗaya Caji ya sungumi batirin mota da ke rumfar ya maka masa a ƙirji. Ruwan batirin ya watsu a wuyan mutumin, ya zube yana birgima. Sai da ƙarti biyar suka danne Caji, har goshinsa ya fashe.

A caji ofis ɗan sanda ya ce gobe za a caje shi a kotu. Caji ya ɗauka laluben aljihu ake nufi, ya ce ai sun riga sun yi. Yayarsa, malamar makaranta, ta share masa jinin goshi da gefen mayafinta.

"A Turanci caji har da tuhuma, ɗan'uwa. Laifinka za a karanta maka gaban alƙali."

"To Yaya, shi da ya karya min hannu fa?"

"Yana asibiti. Ko ruwa ba ya iya haɗiya."

Ya sunkuyar da kai. Wata goma sha takwas ya yi a gidan yari, hannun ya ɗoru a karkace. Yana ciki aka gano yashi ne ya cushe wayar direban.

Yanzu gadi yake a wata ma'ajiyar siminti. Da hagu yake jan ƙofa, idan manyan motoci sun shigo ba ya ɗaga ido ya dubi direbobin.