Ranar da Auta Ya Zauna a Layin Zakka

Da gonar Baba aka yi wa Auta karatun jami'a. Gona ce ta fadama a bayan Nguru, wadda ko shekarar da ruwa ya yi gardama sai ta ba da shinkafa. Baba ya kai ta jingina wajen wani Alhaji mai sayen shinkafa a Gashuwa, wanda kakanninsa suka zo daga Haɗeja. Sharaɗin kuwa kowa ya san shi: Alhaji zai yi ta noman gonar har ranar da kuɗinsa suka dawo. Auta ya ce bashin a wuyansa yake, da zarar ya fara ɗaukar albashi zai fanso ta.

Ni ce babbar yayarsa. Aure ya kai ni Gashuwa, layinmu ɗaya da gidan Alhajin. Tun ranar da aka yi maganar na ce ban yarda ba, amma wa ya tambaye ni?

Auta ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida. Aiki kuwa shiru. Baba ya koma ƙwadago a gonakin mutane, kuma in zai tafi sai ya yi zagaye mai nisa don kada ya bi ta bakin gonarsa ya ga wasu a ciki.

Ƙanena tun yana ƙarami akwai ji da kai. Ba ya cin abinci a maƙwabta, ko gishiri aka aike shi ya roƙo sai an yi da gaske. Amma bai taɓa raina sana'a ba. Ya koyar a makarantar kuɗi inda albashi ke zuwa in ya ga dama, ya yi lodin kwandunan bandar kifi a tasha, ya shiga ruwa yankan kachala, ciyawar nan mai toshe kogi, har ƙafafunsa suka tsage. Duk ƙarshen wata sai ya hau mota ya zo Gashuwa ya gaida Alhaji, da kuɗi ko babu.

Wata rana na ce masa, "Kai wai kuɗin motar nan ba su fi abin da ka kawo ba?"

Ya ce, "Yaya, in ban kawo kuɗi ba ai na kawo fuskata. Gara ya san ban gudu ba."

Na yi masa tsiya son raina, amma a zuciyata ya burge ni. Na san samari da yawa da ke sauya hanya saboda bashin katin waya.

A haka ya biya wani abu, saura kuma ya tsaya cik. Gwiwoyin Baba suka fara ba shi wahala. Wata damina Inna ta gaya mana ta ji shi yana cewa, shi kaɗai a kan buzu, ko zai sake zuba iri a gonar nan kafin ta Allah ta kasance. Tun da Auta ya ji wannan magana ya daina raha.

Bayan an yi girbi, Alhaji ya kira shi gefe. Ya ce ya so ya yafe sauran a cikin zakkarsa, amma malaminsu ya ce ba a haka. Sai an damƙa wa mai bashi kuɗin a hannunsa, ba tare da wani sharaɗi ba. Kuma dukiyar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta shi ce da ƙannensa, don haka a ƙofar gida suke fitar da zakka a gaban kowa. Wanda duk zai karɓa, sai ya zo ya zauna.

Auta ya shigo gidana, na ajiye masa tuwo da miyar kifi, ko kallon kwanon bai yi ba. Na san abin da ke cinsa. Yarinyar da yake nema a kan kwanar layinmu take, kuma mahaifinta na cikin masu zama a majalisar Alhaji.

Na ce, "Kada ka je. Zan sayar da keken ɗinkina."

Ya ce, "Kekenki ko kwata ba zai biya ba. Kuma da me za ki sayi sabulu?"

Ranar rabon zakkar da safe na tsaya a zaure ina leƙe. An shimfiɗa tabarmi daga ƙofar Alhaji har gindin darbejiya. Ga makafi, ga mata masu marayu, ga tsofaffin da ambaliya ta cinye wa gona. Na yi ta addu'ar kada ya zo, sai ga shi. Bai rufe fuska ba, bai kuma laɓe a baya ba. Ya bi dattawan majalisa ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su, har da uban yarinyar, sannan ya cire takalmi ya nemi wuri. Wata tsohuwa Babarbariya ta gusa masa.

Ta yi masa sannu da yarensu, ta ce, "Wushe, ɗana. Kai ma?"

Ya ce, "Ni ma, Iya."

Da layi ya zo kansa, malamin ya tambaye shi dalili kamar yadda ya tambayi kowa. Ya ce, "Bashi," da muryar da har ni a zaure na ji. Aka ba shi, aka ce, "Naka ne, ka yi abin da ka ga dama da shi." Ni kuwa ina tsaye hawaye na zuba, ban taɓa jin girman wani mutum a raina kamar yadda na ji na ƙanena a lokacin ba.

Ya jira har taro ya watse, ya bi Alhaji shago, ya ajiye kuɗin kamar yadda aka ba shi. Alhaji ya ce, "Ka gaya wa Baba ya shirya iri."

Ba a yi sati ba gidan su yarinyar suka aiko cewa za ta ci gaba da karatu tukuna. Duk mun gane. Na so in je in wanke su tas, Auta ya hana ni.

Mun yi shawara da shi cewa Baba ba zai ji ta yadda aka yi ba. Wauta ce kawai, don tsakanin Gashuwa da Nguru direbobin kifi sun fi waya saurin kai labari. Na je gida a makon, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Baba ya shigo yana dogara sanda. Ya zauna a hankali, ya miƙe ƙafa.

Ya ce, "Auta, an ce an gan ka a kan tabarma a ƙofar Alhaji."

Auta ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba."

"A cikin masu karɓa?"

"E, Baba."

Inna ta daina tankaɗe. Ni kuma na fara haɗa maganar da zan kare shi da ita, don na san Baba bai taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Sai na ga Baba ya goge ido da bakin rigarsa.

Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ai da na zo mun zauna tare."