Littafin Rijiyoyi da Kaka Ya Rubuta

Har yau in na ji ana daka, sai taɓarya ta tsaya farat ɗaya, raina ɓaci yake yi. Bari ka ji dalili.

Kakana, mahaifin uwata, ya daɗe yana rubuta labarin rijiyoyin garinmu Takanamat da ajami: wa ya haƙa, wa ya mutu a ciki, wace shekara ruwa ya gudu. Da rani yakan zauna kusa da turmi, yatsunsa na warin tawada, ya karanta wa mata masu daka. In taɓarya ta ci gaba da sauka, sai ya yage takardar. In ta tsaya, ya adana. Ranar kasuwa ya tafi Tawa, ya karanta a rumfar masu sayar da guga, ya katse daidai inda igiya ta fara tsinkewa da mutum a ƙasa. Mai son jin ƙarshe ya biyo shi gida ya sayi kwafi. Ko Buzaye sukan zo da tafintansu.

Ina yarinya ƙarama kawuna ya dawo, ba a daɗe da samun ƴanci ba. Ya yi lakkwal, wato boko, ya samu aikin biro, ofishin gwamnati, a Tawa, ga kwat ga takalmi mai kuka.

"Baba, wanga ba saida littahi ba na, talla ta," in ji shi. "Ba ni in aika Yamai a buga da inji."

Uwata ta roƙa a kwafe shi duka tukuna, don babi-babi ya watsu a hannun mutane.

"In ba ɗana kwahi?" in ji Kaka. "Sai a ce ban yarda da shi ba."

Ya miƙa masa asalin cikin gafaka.

Damina biyu kawu na cewa ana dubawa. Ƙarya yake yi, littafin bai bar Tawa ba. Ashe shi kansa bai iya karanta ajami ba, kuma kunya ta hana shi faɗa. Ya zare takardun ya tura ƙarƙashin tebur, ya sa nasa a gafakar. Dattijon da ke sharar biro ya ga rubutun Larabci a ƙasa ana takawa, ya zaci sunayen Allah ne. Ya tattara da girmamawa, ya naɗe a tsumma, ya jefa cikin tsohuwar rijiya.

Da labari ya iso, Kaka ya ce, "To, littahin rijiya ya koma gida." Bai ƙara jiƙa tawada ba har ya rasu. Dattijon mai shara ban taɓa jin haushinsa ba. Kawu kuwa, Allah ya jiƙansa, har yau ban huce ba.

Yanzu ni ma rubutu nake yi. Matasa na zuwa da wayoyinsu su koya mini yadda ake tallar littafi, nakan saurara. Amma in suka nemi tawa shawarar, biyu ce: ka karanta wa mai aiki a hannu ka ga ko za ta tsaya, kuma kada ka ba kowa asali. Duk mai cewa zai kai ka duniya, miƙa masa shafi ɗaya ya karanta a gabanka, ko da ɗanka ne.