Madam Hafsatu a Kan Tudun Lakwal

Kullum kafin yara su gama shara, Madam Hafsatu tana kan tudun bayan lakwal, wato makarantar boko, hannu a sama da tsohuwar salula, tana farautar rezo, wato sabis ɗin waya. Mutanen wannan ƙauye na gefen Safo sun gaji da yi mata dariya. Rubutun ɗalibanta take aikawa zuwa shafin da ta buɗe musu a intanet, wanda ake kira blog.

Da ta zo ƙauyen, aji na rumfar zana ta tarar, cike da yaran da ke kwafar allo tsaf, amma in ka tambaye su abin da suka rubuta sai su yi tsuru-tsuru. Ta ce kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani, da Hausa ko Faransanci, 'yan aji su gyara masa, ita kuma ta hau tudu. Da suka ji yayyensu masu ci-rani a Najeriya suna karantawa har suna amsawa, sai ga wanda jiya ke barci a aji yana gardama a kan harafi.

Abin bai tafi sumul ba. Wata ɗaliba, Halima, ta rubuta yadda rumbunsu ya ƙare tun kafin shuka, da yadda uwarta Tani ke dafa tafasa ta tura wa yara ta ce ita ta ƙoshi. Labari ya zagayo ta bakin 'yan ci-rani. Tani ta zo lakwal a fusace, ta ce an tona mata asiri a duniya, a goge. Halima 'yar fari ce, don haka ko cikin faɗan ba ta kama sunanta ba, "yarinyar nan" kawai take cewa. Madam ba ta yi musu ba. Ta ba ta gaskiya, ta sauke rubutun daga idon jama'a, ta kafa doka cewa maganar gida ba ta hawa shafi sai iyaye sun ji. Duk da haka Tani ta cire 'yarta daga aji.

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya jiƙa ginin ƙasa har katangar ɗaki ta faɗa wa Halima, ta rasu. Ruwan ya kwashe ajin zana da littattafan yara. Ko hoton Halima babu a gidansu.

Bayan an share makoki, Tani ta hau tudun nan, ta daɗe tana gaisuwa kafin ta iya magana.

"Madam, abin nan na yarinyar nan, kin goge shi duka?"

"Ban goge ba, Tani. Ɓoye shi na yi."

Madam ta karanta mata a hankali, har layin ƙarshe: "Inna tana cewa ta ƙoshi. Na san ba ta ƙoshi ba." Masu wucewa gona sun ga Tani ta zauna a ƙasa. Da ta share fuska, sai ta nemi a nuna mata inda sunan 'yarta yake, ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Koya mini wanga."

Madam Hafsatu, ke ce kika karɓi laifi ba tare da kin zubar da maganar yarinya ba. Bana za ki ajiye aiki, idonki ya raunana, sai kin kai salula bakin hanci kike gani. Ajin har yau ba a gina shi ba, kuma babu wanda ya ce zai gaji tudun. Wannan yana ci mana rai, kuma kunyar tamu ce.

Mun gode, uwar masu rubutu. Allah ya saka miki, ya ƙara hasken ido. Malamai matasa, salula tana aljihun kowannenku. Wani ya hau tudun nan kafin shafin ya mutu. Wanda ke shakka ya biya ta ƙofar gidan Tani da la'asar. Zai same ta tsugune tana jan yatsa a cikin rairayi, tana rubuta sunan da bakinta bai taɓa kamawa ba.