Ranar da na raka mahaifina allurar korona

Shekarun baya, lokacin da korona ta rufe Legas, ina zaune a gidanmu na Agege tare da iyayena da matata. Ni tela ne, shagona yana kusa da hanyar jirgi. Jiya na ga ana ta cacar baki a dandalin nan a kan waɗanda suka yi allura da waɗanda suka ƙi, shi ya tuna min da abin da ya faru a gidanmu.

Mahaifina tsohon mai gadi ne, a Ikeja ya yi aiki har ƙarfinsa ya ja baya. Amma a unguwa ba da gadi aka san shi ba. Shi ne mai wankan gawar maza. In aka yi rasuwa, wani lokacin kafin liman ya ji an riga an aiko masa. Yana da wata tsohuwar jaka a rataye bayan ƙofa, da sabulu da kafur da garin magarya a ciki.

Yana da amini guda, mai sayar da goro. Mota ɗaya ta kawo su Legas suna samari. Kullum bayan la'asar suna kan benci a ƙofar gidanmu, suna musu a kan abin da bai shafe su ba. Akwai alkawari a tsakaninsu wanda kowa ya sani, wai duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai wanke shi. Aminin yakan ce, "Ni dai ka ɗumama ruwan, ka san ina da sanyin ƙashi." Mahaifina ya ce, "Kai da za ka binne ni, me ya kai ka zancen ruwa?"

Sai aka sa dokar kulle. Motocin haya na danfo suka ɓace daga titi, aka rufe masallacin Juma'a, azumin shekarar a tsakar gida muka yi tarawihi, mahaifina yana jan mu. Na ɗauko keken ɗinkina na dawo da shi gida ina ɗinka takunkumi, don shi kaɗai ake saya. Abin dariyar, ni mai ɗinkin ban yarda da cutar ba. Cewa nake ta masu hawa jirgin sama ce, ba za ta iya zafin Agege ba. Ina yi wa mutane bayanin amfanin takunkumi, nawa yana ƙarƙashin haɓa.

Bayan ƙaramar Sallah aminin mahaifina ya kwanta. Da farko aka ce zazzaɓi ne. Aka yi sirace, aka sha citta da lemon tsami, aka turara tazargade. Da mahaifina ya je dubiya ya dawo, sai ya sa aka kira masa babban ɗan mutumin, wanda sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo.

Ya ce masa, "Ku kai shi asibiti yau."

Ɗan ya ce, "Baba, duk wanda aka kai yanzu killace shi suke yi. Ba ma za mu gan shi ba."

Mahaifina ya ce, "Na zauna kusa da marasa lafiya da yawa. Numfashin nan ba na gida ba ne. Ku kai shi."

Suka kai shi. Aka gwada, aka ce ita ce, aka wuce da shi inda ake killace masu cutar. Bayan wasu kwanaki aka bugo waya aka ce Allah ya yi masa rasuwa.

Mahaifina ya sa hularsa, ya ciro jakar daga bayan ƙofa, ya ce in samo mana abin hawa. Wani abokina mai keke-napep ya kai mu maƙabarta, inda aka ce a haɗu. Muka tarar da ma'aikata cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Babbansu ya tare mu daga nesa. Mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi magana da Yarbanci, ganin muna ji. Ya ce ba za a buɗe gawar ba, akwai Musulmi a cikinsu, sun yi masa abin da ya samu, kuma mai shekarun mahaifina ma bai kamata ya matso ba.

Mahaifina ya ce, "Na yi masa alkawari."

Mutumin ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba ni da ikon bari."

Muka yi masa salla mu 'yan kaɗan, da tazara a tsakaninmu. Har aka gama rufe shi jakar tana hannun mahaifina. Da muka dawo ya mayar da ita inda take, ya shiga ɗaki.

Ba a yi zaman makoki sosai ba saboda doka, amma magana ba ta buƙatar taro. Ta iso mana cewa ɗan marigayin yana faɗa wa mutane da an bar ubansa a gida, da ko mutuwar ce a hannunsu zai yi ta, a yi masa sutura irin ta mutane. Bai kama suna ba, amma kowa ya san wanda ya ce a kai shi. Daga nan in mun haɗu sai sallama kawai, ya daina shigowa gaida mahaifina. Shi kuwa tsohon ya daina zama a benci. In an aiko kiransa wanka sai ya ce ƙafafunsa na ciwo, a nemi wane. Haka muka ci kusan shekara.

Sai aka ce rigakafi ya iso. Ku da kuke da waya kun san abin da ya biyo baya. Kullum da sabon saƙon murya. Wannan ya ce duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba. Wancan ya ce cokali yana manne wa a wurin allurar. Wani ya ce hana haihuwa ne. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama ni, don a lokacin ba mu daɗe da aure ba, kuma shiru. Mahaifiyata ba ta sauraron waya, amma tana da hujjarta. Ta ce, "Maganin zazzaɓi ma sai ka saya. Yaushe aka fara bin talaka ana roƙonsa ya zo ya karɓi alheri?" Har yau ban ce maganarta ba ta da kai ba.

Wata safiya muna shan koko mahaifina ya ce min, "Gobe ka kai ni asibitin unguwa. Allurar nan zan yi."

Na ajiye ludayi na ce, "Baba, ka ji abin da ake faɗa kuwa? Ga hawan jininka."

Mahaifiyata ta fito daga ɗaki ta ce, "Malam, me ya yi zafi? Mu da muka tsira da kulle, yanzu mu kai kanmu?"

Ya ce, "An ce cutar tana dawowa. In ta dawo, mutanenmu za su mutu. Na ji an ce masu taɓa marasa lafiya su aka fara yi wa. To ni ma ina so in an tare ni a ƙofar maƙabarta in sami abin faɗa."

Tun rasuwar amininsa wannan ne karo na farko da ya taɓo maganar. Mahaifiyata ta koma ɗaki. Ni kuma na yini ina neman dalili. Na ce layi zai yi tsawo, ya ce zai zauna. Na ce ina da ɗinkin biki, ya ce to zai hau okada shi kaɗai. Nan na san babu mafita.

Washegari muka tafi. An kafa rumfa a harabar asibitin, da kujerun roba. Yawancin masu jira tsofaffin Yarbawa ne da ma'aikata, Hausawa ba mu da yawa. Ni ina ta rufe fuska da takunkumi, ranar kam har saman hanci, kada wani ɗan unguwa ya gane ni.

Da aka zo kanmu, nas ɗin ta dubi hular mahaifina ta juya harshe zuwa Hausa. Daga baya ta ce mana ita 'yar kudancin Kaduna ce. Ta ce, "Sannu Baba. Ka ci abinci?" Ya ce ya ci. Ta auna jininsa, ta tambayi magungunan da yake sha. Sai ya ce mata, "'Yata, ina da tambaya. Ni mai wankan gawa ne. In na yi allurar nan, za a bar ni in wanke wanda cutar ta kashe?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, wannan ba a hannuna yake ba. Manya ne suke sa doka. Abin da na sani, in cutar ta kama ka, allurar za ta taimake ka kada ta kayar da kai."

Na ji daɗi a raina, na ce shi ke nan, za mu tashi mu tafi. Sai mahaifina ya fara naɗe hannun rigarsa. Ya ce, "Tunda kin faɗa min gaskiya, yi." Ya yi bisimilla, ta yi masa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ta juyo gare ni ta ce, "Oga, kai fa?"

Na ce rakiya na yi. Wata tsohuwa Bayarbiya da ke bayanmu ta yi dariya ta ce da Yarbanci, ga tsoho ya yi, ƙato yana ɓuya. Mahaifina kuwa kallon rumfar kawai yake yi. Ba wani bayanin likita ne ya zaunar da ni a kujerar nan ba, kunya ce. Na miƙa hannu, na runtse ido, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Har da ta shiga kasuwa na karanta. Sai da nas ta ce, "An gama tun ɗazu," sannan na buɗe ido.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Mutane suka yi ta shigowa wai gaisuwa, alhali duba mu suke yi ko mun fara sauyawa. Wani maƙwabcinmu har da cokalin shayi a aljihu. Mahaifina ya miƙa masa dantse, cokalin ya faɗi ƙasa, ya ce, "Ɗauki abinka kada matarka ta nema." Shi ciwon hannu kawai ya yi. Ni kuwa zazzaɓi ya kwantar da ni, ina rawar sanyi cikin bargo, ina ce wa matata ta yafe min. Mahaifiyata tana dama min kunu tana cewa, "Ai na faɗa." Kafin a kai Juma'a na koma shago.

Wasu tsofaffi suka bi sahunsa suka je. Da yawa ba su je ba. Mahaifiyata ma sai can daga baya ta je, ita da maƙwabciyarta, ba ta kuma faɗa mana ba sai da ta dawo.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, aka yi sallama a ƙofa. Ɗan marigayin ne. Wani magidanci ɗan dako da ke sauke musu goro ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ya cika. Mutumin Nijar ne, iyalinsa suna can. Ɗan aminin mahaifina ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa ya ce, "Baba, ba shi da kowa a garin nan."

Mahaifina bai yi zancen ƙafa ba. Ya tashi ya ɗauki jakarsa, ya ce min, "Ɗauko buta ka biyo ni." Ranar na fara shiga ɗakin wanka. Ni ina zuba ruwa, ɗan aminin nasa yana riƙe da zanen da aka yi sutura da shi, tsohon yana aikinsa a hankali. Babu wanda ya ba wani haƙuri. Da muka fito ya karɓi jakar daga hannun mahaifina ya rako mu har gida, ya zauna ya ci abinci. Shi har yau bai yi allurar ba, kuma har yau yana ganin da an bar ubansa a gida. Mahaifina bai taɓa ja da shi a kan haka ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ba kowa ne ya je don ya gamsu ba, ba kuma kowa ne ya ƙi don jahilci ba. Kowa da abin da lokacin ya ƙwace masa, da shi yake auna maganar. Shi ya sa in na ga ana zagin juna a kai nake yin shiru. Mu dai Allah ya ba mu haihuwa daga baya, har biyu. Dokar hana wanka kuma ba mu sake cin karo da ita ba.

Kwanakin baya ina rage wa mahaifina hannun wata riga, na tambaye shi, "Baba, ranar nan kai ba ka ji tsoro ba?"

Ya ce, "Wa ya faɗa maka? Kafin mu fita sai da na yi wa uwarka wasiyya. Na ce in maganar mutane ta tabbata, kai za ka wanke ni."

Na ce, "To ai ni ma an yi min."

Ya ce, "Shi ne ai. Rakiya na ce ka yi. Ina kallo ka miƙa hannu, na ce a raina, yau in abin nan gaskiya ne, wa zai wanke wani?"